Ƙarama Ta Zaɓi Duwatsu

Tagwaye ne, a gida ana kiransu Babba da Ƙarama. Tun suna firamare Babba ce mai baki, Ƙarama sai gyaɗa kai. Ko takalmi za a saya musu, Babba ake tambaya. Tare suka shiga jami'a, aka ba su ɗaki ɗaya mai gadon sama da na ƙasa.

Da shekarar farko ta zo ƙarshe, aka ce kowane ɗalibin kimiyya ya zaɓi sashen da zai ci gaba da shi.

"Harhaɗa magunguna za mu yi," in ji Babba, tana yanke farce. "Makinmu ya kai. Sai mu koma reshen da ke asibitin koyarwa, an ce ɗakunansu sun fi waɗannan."

Ƙarama kuwa darasin duwatsu ne ya kama zuciyarta. Ranar da malaminsu ya fasa wani baƙin dutse ya nuna musu zanen ganye kwance a cikinsa, ba ta bar ɗakin gwajin ba sai da aka zo kullewa.

Ta kira Baba a shagonsa ta faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Duwatsu? Dafawa za ki riƙa yi? Ki yi shawara da 'yar'uwarki." Ta kira Mama, ita kuma ta ce, "Ni dai ku zauna wuri ɗaya, hankalina ya fi kwanciya."

Sai ta je wurin malamar da ke ba ɗalibai shawara. Ofis ne ɗan ƙarami, fanka na ƙugi, takardu sun cinye kujera ɗaya.

"Me kike so ki karanta?" malamar ta tambaya.

"Mun yi tunanin harhaɗa magunguna."

Malamar ta leƙa bayanta. "Ku nawa ne? Ke kaɗai nake gani."

Ƙarama ta sunkuyar da kai. Can ta ce, "Ilimin duwatsu nake so, Malama."

"To, ki sani mata ba su da yawa a wurin. Akwai fita daji, akwai rana, lissafin ma ba sauƙi. Amma idan shi ne a ranki, ƙofa a buɗe take."

Ta yi rajista kafin zuciyarta ta karaya. Da ta koma ɗaki ta tarar da Babba tana shanya kaya a baranda. Ta tsaya a bayanta ta faɗa mata. Babba ta matse rigar da ke hannunta har ruwa ya daina ɗiga.

"Tun yaushe kike son abin nan?"

"An daɗe."

"Kuma kina kwana a samana ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ba ki taɓa tambayata ba, Babba."

Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Babba ta gama shanyarta ta shiga ciki.

Bayan hutu Babba ta koma reshen asibiti da akwatinta da tukunyar da suke girki da ita. Gadon ƙasa aka ba wata ɗaliba mai karatun lauya, wadda kullum kunnenta a toshe yake da abin sauraro. A aji Ƙarama kan juya gefen dama ta yi raɗa, sai ta ga baƙuwar fuska. A ɗakin cin abinci takan zaɓi teburin da ke kusa da taga, ta ci da sauri ta tashi.

Ranar fitarsu daji ta farko, ta bugi wani dutse da guduma ya rabe biyu, cikinsa na ƙyalli kamar an barbaɗa gishiri. Daɗi ya cika ta. Ta ciro waya ta kira Babba.

"Ina aji," Babba ta yi raɗa. "Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wani abu na samu."

"To, zan kira ki."

Ba ta kira ba sai washegari, ta ce jarrabawa ce ta sha mata kai. Sun ɗan yi hira, har Babba ta tambaya ko dutsen na zinariya ne a raba da ita. Ƙarama ta yi dariya ta ce a'a. Da suka ajiye waya ta goge dutsen da gefen zanenta, ta sa shi a jaka, ta tafi aji.