Ranar da Na Ce wa Baba Maƙaryaci

Kalmomi arba'in da bakwai na rubuta a ƙananan katuna, duk na rashin gaskiya a Turanci, ina haddace su a jirgin ƙasa tsakanin unguwarmu Highbridge da gidan tsofaffin da nake aiki. Liar, fraud, swindler, forgery, perjury. Wata mata da ke kusa da ni ta leƙa katin hannuna, sai ta jawo jakarta ta rungume. Ko a jikina. Saura kwana huɗu in sake zama jarrabawar kamfanin da ke tura tafintoci kotu, kuma sau biyu kawai suke ba mutum dama. Ta farko na riga na zubar da ita.

Ba ƙarancin Turanci ya kayar da ni ba. A jarrabawar ana shirya kotun wasa, kuma dattijon da ya fito a matsayin shaida farin gemu gare shi har ƙirji. Mai yin lauya ta dube shi ta ce, "You are a liar and a cheat." Aikina in mayar masa da Hausa, amma bakina ya ƙi. Mu da aka yi wa tarbiyya a kan ba a ce wa babba ya yi ƙarya, sai dai a ce ya manta? Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, tana ganin akwai ɗan gyara a maganarka." Nan take aka rufe fayil ɗina.

Ranar Asabar da safe mahaifina, Malam Barmo, ya tarar da katunan a kan teburin kicin. Mutumin Maraɗi ne, shekara ashirin da biyu ya yi yana sayar da agogo da tabarau a tebur a bakin titin Canal Street kafin gwiwa ta zaunar da shi. Ya ɗauki ɗaya, ya ɗauki biyu, sai ya fashe da dariya.

"Raudatu, waɗanga ai tsofaffin abokaina ne! Rip-off, ka sayi abu da tsada, sai ka kai gida ka gane. Knock-off, jaka ce mai ɗauke da sunan da ba nata ba. Con man da murmushi yake zuwa, sai ka yarda da shi tukuna ya yanke ka. Shady kuwa, ba a kama ka ba, amma ana kallonka."

"Baba, a ina ka san su haka?"

"A bakin masu saye mana. Wata ta taɓa haɗa mini ukku a numfashi guda don batirin agogo ya mutu."

Murna ta kama ni, na ɗauki biro ina rubutu. Abin da littafi ya kasa rarrabe mini a wata biyu, Baba ya warware shi kafin shayi ya huce. Daga nan ya tambaye ni abin da ya kayar da ni wancan karon, na gaya masa. Dariyar ta ɗauke. Ya jawo kujera tsakiyar falo ya zauna, ya ƙwala wa Inna kira.

"Hasiya, zo ki zama lauya. Bon, ni ne shaida. Ke kuma, hwaɗi mini abin da ta ce."

Inna ta goge hannu ta karɓi katunan, kuma wallahi ban taɓa ganin ta karɓi aiki da zumuɗi irin haka ba. Ta nuna mijinta na shekara talatin da yatsa ta ce, "You are a liar!"

Na buɗe baki. "Baba, wai ta ce..." Shi ke nan, harshe ya maƙale. Inna ta sake, har da ƙarin "crook" daga aljihunta. Na sake kasawa.

Baba ya dube ni. "Shekarar da aka haihe ki an kai ni kotu kan takardar izinin teburina. Tafintana ɗan mutunci ne, ya ji kunyata. Ana cewa na yi forgery, na buga takardar jabu, shi kuwa yana ce mini ana son ƙarin bayani. Ina ta murmushi ina gyaɗa kai. Takardata ta gaske ce, ɗiyata, amma shekara guda na yi ba tebur. Da ya gaya mini zagin yadda yake, da na kare kaina." Ya buga sandarsa a ƙasa. "Hasiya, sake!"

"You are a liar, a cheat and a fraud!"

Na ɗago kai na dubi tsakiyar idon mahaifina. "Maƙaryaci ne kai, macuci, ɗan damfara."

"Voilà! Yauwa!" Baba ya miƙe tsaye, ya ma manta da gwiwa. Inna ta rangaɗa guɗa har maƙwabcin sama ya buga mana ƙafa. Ni kuwa na durƙusa ina hawaye ina cewa ya yafe mini, shi yana cewa a kawo kati na gaba.

Ranar Talata, ranar jarrabawa, dattijon nan mai gemu ne dai a kujerar shaida. Na kira shi maha'inci, na kira shi mai rantsuwar ƙarya, ban ko ƙifta ido ba. Da aka tashi ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Saƙon ya shigo ranar Juma'a da rana: na ci. Na bi Baba da gudu har masallacin da yake zuwa a unguwar Harlem, na iske shi a ƙofa cikin abokansa, na miƙa masa wayar ina haki. Ya karanta sau biyu, sannan ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Jama'a, ga ɗiyata! Ita ce ta dubi idona ta ce mini maƙaryaci, macuci, ɗan damfara!"

Dattawan suka yi cirko-cirko, wani har ya fara salati. Baba bai yi musu bayani ba, yana ta share ido da gefen rawaninsa.