Masar Hammawa da Bature Mai Lema

"Baba, yau ma ko koko ya ƙi sha," in ji Cecilia, ta tare Hammawa tela a bakin ƙofa. "Likita ya ce maganin ba zai yi aiki ba sai da abinci a ciki."

Hammawa ya cire takalmi ya shiga. Mahaifinta Elias na kwance kusa da taga, ya rame sai idanu, ga littafi kife a ƙirjinsa.

Tun zamanin da Elias ke gyaran tafireta a Wunti, shagonsa jikin na Hammawa, suke da wata al'ada. Wajen masu gwanjon littattafai Elias ya tsinci jerin labaran wani ɗan binciken sirri da ko sunansa ba wanda ya sani a Bauchi, wani gajeren bature mai ɗaukar aikin da 'yan sanda suka kasa. Sunan ya gagari harshen Hammawa, sai ya laƙaba masa Mai Lema, don ko banɗaki zai je da lemarsa. Elias ya karanta da Turanci, ya mayar da Hausarsa ta kasuwa, in an zo inda Mai Lema zai tara mutane a falo ya tona mai laifi sai ya rufe littafi. Hammawa ya kwana yana tunani, da safe ya faɗi wanda ya yi kisan. Wanda ya sha kaye a gasar shi ke sayo wainar masa.

To, Hammawa dai tun da aka fara bai taɓa cin gasar ba. Mai masar unguwa har ta daina tambayarsa, da ta hango shi take naɗewa. Abin yana cin ransa ƙwarai, ko da yake dariya yake yi.

Amma wannan karon ya gano. Wallahi ya gano. Yana cikin kafa aljihun wata riga abin ya faɗo masa: an ce matar mamacin ta shigo daga ruwan sama, alhali gefen siket ɗinta a bushe yake. Ita ce. Har ya bar ɗinkin ya taho da sauri, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna.

"Mutumina," in ji Elias, muryar can ƙasa. "Ka zo da amsa, ko ka zo da masa?"

Hammawa ya buɗe baki, sai ya dubi kwanon kokon da ya yi sanyi a kan kujera. Ya san halin mutumin nan. Abincin lallashi ba ya cinsa, amma abin da ya ci a gasa ko ciwon ajali yake sai ya taɓa, don kawai ya ji daɗin tsokana.

"Direban ne," in ji Hammawa.

"Direba?" Elias ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Direban da yake asibiti ranar? Kai, tela, kanka sai allura. Matar ce. Je ka kawo."

Hammawa ya fita yana gunaguni yadda ya saba, ya dawo da masa mai zafi da 'yar miya. Cecilia ta ta da uban ta jingina shi da matashi. Ya ci guda, ya ci ta biyu, ya ɗan taɓa ta uku, sannan ya karɓi magani ba gardama. Cecilia ta juya baya tana share ido.

"Siket ɗin," in ji Elias yana lashe yatsa, bai ɗago ba. "Tela kamarka bai lura da siket ba?"

"Tsufa ne."

"Ƙaryarka ba ta da kyau, mutumina. Amma masar ta yi daɗi."

Suka zauna suna hira kan Mai Lema da lemarsa da ba ta taɓa buɗuwa ba, har aka kira azahar. Hammawa ya tafi masallaci zuciyarsa wasai.

Da ya dawo ya tarar da matan cocin su Elias sun fara taruwa a tsakar gida suna waƙa a hankali. Barci ne ya ɗauki Elias bayan fitar Hammawa, bai farka ba. Hammawa ya yi salati, ya tsaya daga bakin ɗaki da hula a hannu. Cecilia na durƙushe da ɗan tsumma, tana goge maiƙon da ya rage a yatsun mahaifinta.