Matar da ke Zama a Kujerar Mai Ɗinki

Mai ɗinkin ta haura shekara arba'in da biyar lokacin da ta shiga makarantar intanet don ƙarasa sakandaren da ta bari. Kullum da hantsi, kafin masu kawo ɗinki su fara sallama, takan ture keke gefe ta ɗora kwamfutar 'yarta a kan teburin yanka, tsakanin almakashi da alli.

Makarantar tana da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira da ke sa ido kan ɗalibai ta kyamara. Tana lura da inda ido ya kalla, da saurin yatsu, har da yawan hamma. Ɗalibai sun raɗa mata suna Magulmaciya, don duk abin da ta gani sai ta kai wa malamai.

Wata Talata, tana tsakiyar gwajin kimiyya, sai allon ya yi fari. Rubutu ya fito: “Wadda ke zaune ba ɗalibar da ta yi rajista ba ce.”

Ta waiga. Babu kowa a shagon sai rigunan da ke rataye, fanka tana kaɗa hannayensu.

Da ta ba 'yarta labari, dariya yarinyar ta yi. “Umma, ko dai hoton ƙuruciyarki kika saka musu?”

Ita ma ta dara. Amma abin ya sake faruwa ran Alhamis, ya kuma riƙa faruwa a makonnin da suka biyo baya. Daga nan aka rufe mata shafi, malamar ajin ta kira ta ta bidiyo. Matashiya ce mai ladabi, sai sunkuyar da kai take yi.

“Mama, ki yi haƙuri. Rahoto ya ce wata ce ke zama tana yi miki gwaji.”

“Ni? Da furfurata zan yi satar amsa?”

“Ban ce kin yi ba, Mama. Na kalli abin da aka ɗauka, shi ya sa na kira ki. Ina so ki gani da idonki. Akwai wani kusa da ke?”

Ta kira 'yarta, suka zauna a benci ɗaya.

Ga ta nan a bidiyon, da tef ɗin awo a wuya, tana karanta tambaya tana motsa baki yadda ta saba. Can sai ta tsaya cak. Fuskarta ta saki, kamar an zare mata zare ta ciki. Idanun suka ɗago a hankali suka kafe kyamarar, ko ƙiftawa babu. Gefen bakin ya ɗan ja sama. Hannun hagu ya sauko kan madannai ya fara bugawa, ita kuwa duk rayuwarta da dama take komai. Bayan daƙiƙa arba'in matar ta ƙifta ido, ta gyara ɗankwali, ta ci gaba da karatu.

“Kin tuna wannan?” in ji malamar.

Ta girgiza kai.

“Sau goma sha ɗaya ke nan, Mama.”

'Yar ba ta ƙara yin dariya ba. Washegari ta rufe shagon da kanta ta kai ta asibiti. Aka manna mata wayoyi a ka, aka yi hoto. Likitan ya ce wata irin farfaɗiya ce da ba ta kayar da mutum, sai dai ta ɗauke shi na ɗan lokaci bai sani ba. Ya ce ta gode wa Allah da abin bai same ta a kan titi ba, ko tana riƙe da dutsen guga. Ya rubuta magani.

Makarantar ta ba ta haƙuri, aka buɗe shafin. Cikin wata biyu Magulmaciya ta daina kai ƙararta.

Ranar da sakamako ya fito ta ci jarrabawa, sai ta roƙi malamar ta turo mata abin da hannun hagun ya riƙa bugawa. Ta ɗauka shirme za ta gani. Malamar ta turo mata.

Amsoshi goma ne, duk daidai, a kan darussan da ba a kai ga koya musu ba a lokacin. Na goma sha ɗayan layi ɗaya ne: “A daina kallona.”

Ta sa aka buga mata su a takarda, ta kai wa likitan. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya goge, ya ce ƙwaƙwalwa tana ajiye abin da mai ita bai san ta ajiye ba. Sannan ya tambaye ta ko zai iya riƙe takardar. Ta ce ya riƙe, ba ta son ta a gidanta.