Tsuntsayen Jikin Katanga

Mai fenti yana da hali guda da abokan sana'a ke masa tsiya a kai: ba ya zana abin da bai gani da idonsa ba. Ko tambarin shago ne, sai an ajiye masa buredin a gabansa. Don haka da manajan tashar lantarki ya ba shi aikin cika katangar gaba da tsuntsayen fadama kafin manyan baƙi su zo, sai ya ɗauki takarda da fensir ya zagaya bayan tashar.

Ya daɗe rabonsa da wurin, kuma da gangan. A fadamar nan innarsa ta yi ƙuruciya tana yankan kabar tabarma. Tun da ƙafa ta ƙi ta, kullum sai ta tambaye shi labarin wurin, shi kuma ya ce yana nan yadda ta bar shi. Wannan ƙaryar yake ta lallaɓawa, don tsohuwar ba ta da sauran abin da take ɗoki a duniya.

Wari ne ya fara tarbarsa. Wani ƙaton bututu na aman ruwan zafi, saman ruwan ya yi baƙin maiƙo kamar kaskon suya da aka manta ba a wanke ba. Babu kukan kwaɗo, babu mazari, ƙuda ne kawai ke shagali. Ya tofar da yawu ya koma ofis.

"Ranka ya daɗe, babu tsuntsu ko ɗaya."

"Tsuntsu? Ai sai dai ka zaɓa," manajan ya ce yana dariya. "Je ka bayan sito, ka ce wa mai shara ni na aiko ka."

Ashe kowace safiya mai shara ke bin bakin ruwa yana tsince gawa kafin ma'aikata su iso. Ya zazzage masa buhu a ƙasa: balbela, zalɓe, agwagwar ruwa, gashinsu ya manne da baƙin mai, wasu har sun fara tsutsa. Mai fenti ya ja da baya yana toshe hanci.

"Malam, daure," mai shara ya ce. "Ni da su nake karyawa."

Haka aka yi aikin. Mai shara ya ɗaga gawa ya miƙar mata da wuya, mai fenti ya ɗaure hanci da ƙyalle yana kwafa. Ya wanke musu gashi da farin fenti, ya buɗe musu ido, ya tsayar da su a bakin ruwa shuɗi tas. Abin takaici, bai taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba. Baƙi suka zo da motocinsu, suka jeru a gaban katangar aka yi ta ɗaukar hoto, wani mai tumbi har yana yaba wa tashar kan riƙon amanar halittu. Mai fenti kuwa sabulu ya ƙarar a hannunsa, amma in ya kai loma baki sai ya ji warin buhun nan.

Matarsa ce ta ɓallo ruwa, cikin alfahari. Hoton katangar ya shigo wayarta, ta kai wa surukarta da gudu.

"Inna, dubi aikin ɗanki! Duk gari maganarsa ake."

Tsohuwar ta kai wayar dab da ido, fuskarta ta washe. Ta shiga kiran sunayen tsuntsayen ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaisawa da dangi. Can sai ta sa aka ƙara girman hoton, ta daɗe tana kallon ƙasa-ƙasa.

"Zo nan," ta ce wa ɗanta. "Tsuntsun ruwa in ya tsaya, yatsunsa a baje suke. Waɗannan duk ƙafarsu a dunƙule take."

Ashe a zanen ya gyara musu ido, ya gyara musu gashi, amma ƙafa ya zana ta yadda ya gan ta a jikin gawa. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna..."

"Ban tambaye ka komai ba." Ta miƙa wa surukarta wayar, ta goge tafin hannunta a zane. "Gobe in ka fita, kada ka kawo mini labarin fadama."