Birkin Bayan Fijon Baba Zakka

"Maman Lucky, fito ki taka mini birki."

Baba Zakka ne yake kira daga gindin motarsa, yana zaune a kan tsohuwar taya da sifana a hannu. Ni ina bakin famfo ina tarar ruwa. Gidan haya ne a Sabon Gari, ta ɓangaren da ke kallon Fagge, ɗakina yana fuskantar nasu, don haka ba abin da ake yi a tsakar gidan da ba na gani.

Matarsa, Mama Edith, ta ɗaga labulen kicin.

"Ba zan taka ba."

"Minti goma ne fa."

"Ko minti ɗaya ne."

Ta saki labulen. Shekara uku ina gidan, ban taɓa jin ta ce masa a'a a kan mota ba sai ranar.

Duk gidan mun san halin da ake ciki. Likita ya gaya masa ciwon hantar ya yi nisa, shi kuma bai ɓoye wa kowa ba. Abu ɗaya ya roƙa: a binne shi a ƙauyensu, can bayan duwatsun Kagoro, kusa da mahaifinsa, kuma a kai shi a cikin motarsa, farar fijo mai dogon baya wadda ta girme ni nesa ba kusa ba. Mama ce za ta tuƙa, ita da take zuwa kasuwar Singa da motar duk mako ta ɗauko kayan shagonta. A gaban fastonsu ta yi masa alkawari. To amma kafin a shiga ƙauyen akwai wata doguwar gangara mai kwana-kwana, kuma bara da Kirsimeti, motar cike da kaya, birki ya yi musu laushi a tsakiyarta, da ƙyar suka sha.

Shi ya sa, makaniken da ya ajiye aiki tun shekara biyu, ya sake buɗe akwatin sifanunsa.

"Yakaka, zo ki gani," ya ce mini ranar da ya fara. Ya nuna mini wani ƙarfe da ya ciro daga tayar baya, kamar tukunya. "Wannan diram ne, birkin da. A rufe yake. In aka daɗe ana takawa sai ya ɗau zafi, zafin ba shi da hanyar fita, sai ya daina kamawa. Wannan kuwa," ya ɗaga wani faifan ƙarfe mai sheƙi, "a fili yake, iska tana dukansa. Shi zan sa mata."

"Baba, kai da ba ka da lafiya?"

"Ni ba abin da zai same ni a gangarar nan, 'yata. Ina kwance a baya abina. Ita nake ji."

Na karanta littattafan soyayya da ban san adadinsu ba, amma ban taɓa cin karo da magana irin wannan a cikinsu ba.

Sati uku ya yi yana aikin, da hantsi kawai, awa ɗaya ya yi, awa biyu ya huta. Ebuka, abokinsa mai shagon kayan mota, ya samo masa faya-fayan da ƙarafan da ke matse su daga wata tsohuwar fijo ƙarama. Ba su hau ba, domin ƙafar bayan ba iri ɗaya ba ce. Baba ya yage kwalin sabulu, ya zana ƙarfen da zai riƙe su da biro, aka kai wa mai walda a Fagge. Sau biyu yana mayar da shi a kan bambancin da ni idona bai gani ba. Ya sauya tiyon mai, ya ja sabuwar waya ta birkin hannu. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma in ya kama noti sai rawar ta tsaya.

Abu ɗaya ya rage, fitar da iska daga cikin man birki. Wannan aikin mutum biyu ne: ɗaya yana cikin mota yana taka birki, ɗaya yana gindin taya yana buɗe wani ɗan noti yana rufewa. In ba a yi ba, birkin banza ne.

Ebuka ya ce shi zai taka.

"Ƙafarka gaggawa gare ta," in ji Baba. "Kana saki kafin a ce saki, iska ta koma. Shekara talatin da takwas ƙafa ɗaya na sani."

"Oga, ƙafar ta yi yaji fa."

"Za ta dawo."

Da la'asar na sami Mama tana tsince shinkafa a bayan ɗaki. Na zauna ina taya ta, ban tambaya ba, ita ta faɗa.

"In na taka, ya gama. In ya gama, me kuma zai tashe shi da safe?"

Kwana biyar motar tana kan bulo, tayoyin baya a jingine da bango. Ruwan sama ya yi sau biyu, faya-fayan suka fara jan tsatsa. Kwana biyun farko Baba ya fito ya zauna a kan tayarsa, ya goge su da tsumma, ya kira ta sau ɗaya, ya koma. A na uku bai iya fitowa ba. Ɗansu Lucky ya bugo daga Legas, muna jin muryarsa ta waya har tsakar gida, yana cewa a bar wahalar nan, in lokaci ya yi zai ɗauko motar asibiti. Baba ya juya fuskarsa bango.

Rana ta shida da safe na ga Mama ta fito ta ɗaure zani a kan tsohon wandon aikin Baba. Ta koma ta riƙo shi, hannunsa a kafaɗarta, suna tafe a hankali kamar masu tsallaka rafi. Ya nufi gindin taya, ta juya shi.

"Ina za ka? In ka durƙusa nan wa zai ɗaga ka? Shiga ciki."

"Ke kin san notin?"

"Shekara talatin da takwas ina jin surutunka. Ko akuya ce ta iya."

Ta zaunar da shi a kujerar direba, ta karɓi sifanar, ta shimfiɗa buhu ta kwanta a gefen tayar dama. Ta sa ɗan siririn tiyo a bakin notin, ɗaya bakin a cikin kwalba.

"Taka."

Ƙafarsa ba ta da ƙarfin. Na ga ya ɗora tafukansa biyu a kan gwiwa, ya danna da duk abin da ya rage masa.

"Riƙe."

Man ya fito cikin kwalbar da kumfa.

"Na ce riƙe, Baban Lucky. Kai ne mai zagin ƙafar Ebuka?"

"Ina riƙe, Hajiya makanike. Ke dai rufe kafin ki yi magana."

"Saki."

Haka suka yi ta yi, dama sannan hagu, ta tashi ta ƙara mai, ta koma. Gumi ya jiƙa masa riga. Sau biyu ta ce a huta, ya ce a'a. Muryarta ba ta karye ba ko sau ɗaya, amma ni da nake tsaye daga gefe ina ganin hawaye yana gangara mata ta gefen ido zuwa kunne, shi kuma daga inda yake ba ya gani. Can ta ɗaga kwalbar ta duba a hasken rana.

"Ba kumfa."

Ya taka sau uku, yana saurare da ƙafarsa.

"Ya yi tauri," ya ce.

Bai yarda an gama ba sai da aka gwada da nauyi. Ebuka ya ɗaura tayoyi, aka ɗauko buhunan shinkafa daga shagon Mama.

"Nawa za a sa?" in ji Ebuka.

"Biyu na akwatin gawa. Ni kuma," Baba ya dubi hannuwansa, "ɗaya ya ishe ni yanzu."

"Ka ci gaba da wannan maganar, ka ga in ban bar ka a Zariya ba," in ji Mama.

Ta ja motar, yana gefenta, suka yi ta zagaya layi tana takawa tana saki har faya-fayan suka goge. Da suka dawo ya sa aka ɗan rage ƙarfin na bayan don kada taya ta kulle, suka sake fita. A karo na biyu da ta tsaya a ƙofar gida, ya miƙa mata akwatin sifanun.

Kwana tara ya ƙara. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, Mama tana goge masa fuska. Masu shaguna na layin, Musulmi da Kirista, suka rufe suka zo. Lucky ya iso washegari, ya sake kawo maganar motar asibiti, uwarsa ta dube shi sau ɗaya, ya je ya kwantar da kujerun baya da kansa.

Ta ce in raka ta, na zauna a gaba. Lucky yana baya kusa da akwatin gawar, sauran motoci suna biye. Mun bar Kano da sassafe, muka wuce Zariya. Bayan azahar duwatsu suka taso, ƙasa ta yi kore, an yi yayyafi titi yana sheƙi. Lucky ya matso.

"Mama, in karɓi tuƙin?"

"Zauna."

Ta sa giya ta biyu, muka shiga gangarar. Na riƙe ƙofa ina karanta duk addu'ar da na sani. Kwana ta farko, ta taka, motar ta saurara. Ta biyu, ta uku, rami a hagunmu, ban ƙirga sauran ba. Duk inda ta taka sai in ji nauyin bayan ya zauna a hankali, akwatin ko motsi bai yi ba.

A ƙasa, kusa da wata 'yar gada, ta sauka gefen titi ta ja birkin hannu. Motocin baya suka tsaya, ba wanda ya fito. Ita kaɗai ta buɗe ƙofa, ta zaga bayan motar, ta durƙusa a gefen tayar dama. Ta kai tafin hannunta kusa da faifan ba tare da ta taɓa ba, ta bar shi a nan tana jin ɗuminsa, ɗigon ruwa daga bishiya yana sauka a kan rufin motar.