Motar Baba Mai Kujera Biyu

Motar babanmu, Malam Armaya'u, a hanyar Zakka ta mutu, ranar Juma'a bayan la'asar. Injin ya yi tari, ya yi hayaƙi, ya buga. Shanun huɗa ne suka jawo ta har ƙofar gidanmu a Safana, Baba na riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu kamar ba abin da ya faru.

Jar mota ce mai kujera biyu, cikinta na neman shafar ƙasa. Tun yana saurayi ya saye ta a Kaduna. Ko buhun gero ba ta ɗauka, sai gudu da kyau. Innarmu Turai kuwa tun muna yara take zaginta: ta yaga mata zane, ba inda mutum zai ajiye ƙwarya, shigarta ma sai an durƙusa. Amma duk Juma'a a cikinta ita da Baba suke zuwa gaida yayar Inna.

Bakanike ya ce sai an sauke injin, kayan gyara kuma sai Kano, in ma an samu. Wani dillali daga Katsina ya ce yana da mai saye ko a haka. Yayana Nurain ya ce a sayar, a sayo mai kujera biyar. Ni ma haka na ce, har da ɗaga murya, don bakina ba ya shiru. Baba ya ce ya bar wa Inna magana, ya koma zaure. Tausayinsa ya kama ni, domin duk mun san abin da za ta ce.

Muka same ta tana tsintar wake.

"Sabuwar, wa zai zamna gaba?" in ji ta.

"Ke mana, Inna," in ji Nurain.

"Har dai mu kai bakin kasuwa. Ubanku bai wuce mutum bisa hanya. Ya ga liman ya tsaya, ya ga mai unguwa ya tsaya. Ni ko in fito in koma baya cikin yara da kaji."

Kunya ta rufe ni. A garinmu dattijo ba ya jerawa da matarsa a titi, ba sa cin tuwo a kwano ɗaya, ita ko sunansa ba ta faɗa. Wannan motar ce kaɗai ba ta da bayan da za a tura Inna.

"Ka kai ragunana kasuwar Batsari, a sawo kayan gyara," ta ce.

Daga zaure muka ji Baba ya yi gyaran murya.

Nurain ya sosa ƙeya. "Inna, bakanike fa ya ce ba tabbas ta tashi."

Ta ci gaba da tsintar wakenta, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"In ba ta tashi ba, ku tura ta ƙarƙashin iccen bedi. Kujerun ai lafiyarsu lau."