Ruwan Gonar Kaleb

Da Baba ya raba mana gonaki, ni na zaɓi ta bakin gari, na bar wa ƙanena Kaleb ta can saman rafi, cikin daji. Har dariya na yi masa.

Yanzu Kafanchan ta faɗaɗa har ta iso gonata. Masu wankin mota sun kafa rumfa a gaɓar rafin, kwatocin sababbin gidaje duk ciki suke zuba. Cittata in na wanke a rafin, warin baƙin mai take. Ta Kaleb kuwa fes, 'yan kasuwa har rububinta suke yi.

Duk wannan na haɗiye. Sai Fasto ya sanar cewa baftismar bana ba a rafin gonata za a yi ba, inda aka saba tun zamanin Baba. A na Kaleb za a yi, kuma 'yata Tamar tana cikin waɗanda za a tsoma.

Ranar na tsaya a baya ina kallo. Ruwan garau, har yatsun ƙafar Tamar nake gani a ciki. Kaleb ya matso ya ce, "Yaya, gobe ka zo da jarka ka ɗebi na sha."

Da ma zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.